Ƙafafun Marsandi

Kuɗin albasar bara na haɗa
aka koro mini ita daga Kwatano,
baƙa wuluk, kujerun fata, sanyi kamar cikin randa.
Wata bakwai ba ta yi mini tari ba.
Ran nan da asuba na fito, ga ta gurfane a ƙofar gida
kamar raƙumin da ya gaji da kaya.

Sahabi ya shige ƙarƙashinta, tocila a baki,
ya fito yana goge hannu da tsumma.
"Alhaji, wagga mota bisa iska taka tahiya,
jakar kuwa ta hwashe.
Sabuwa sai ka sai da buhu arba'in.
Mu sa mata ƙarhe:
shokozoba mai sifirin naɗe a jikinta,
da zoben murɗawa, ka ɗaga, ka sauke,
yadda kaka so ta tsaya."

A shagon Ezenwa kwali uku suka sauka kan benci.
Na Jamus, da jin kuɗinsa sai da na gyara hula.
Na Taiwan, shiru-shiru, ba ado.
Na ukun ja wur, yana ƙyalli, ba sunan uba a jikinsa.
Na ɗaga shi da hannu ɗaya, ba nauyi.
Na yi shekara talatin ina auna albasa,
na san wadda ta cika ido, cikinta ruɓa.
Na mayar da shi kwalinsa, ban yi magana ba,
Ezenwa ya kau da kai yana dariya.

Lukmanu, ɗan ƙanena, ya miƙo waya:
"Baffa, dubi yadda ake yi.
A sauke ta har ta kusa lasar kwalta,
a taurara ta, ta sha kwana ba ta karkata ba."
Na ce, yaro, ka bi Mabera bayan ruwan sama?
Ka ƙirga tudun rage gudu daga nan zuwa Kware?
Wanda ya ɗauki hoton nan
bai taɓa jin cikin mota ya daki dutse ba,
ƙarar ta bi ƙashin baya har wuya.

Abin da ban faɗa masa ba:
duk Alhamis nakan ɗauko Inna daga Wurno
zuwa asibiti, gashin ƙashi.
Ba ta taɓa cewa wash ba.
A madubi nake ganin yatsunta
sun damƙe marikin ƙofa
tun kafin ramin ya iso taya.

Na Jamus na biya. Hannuna ya ɗan yi rawa.

Da la'asar muka cika kwano da ruwa
muka ɗora inda take zama.
Sahabi ya murɗa ɗan maɓallin kan shokozoba,
ƙas, ƙas, sau takwas.
Rami ɗaya, ruwa ya wanke kujera.
Ya sassauta har ƙarshe,
mota ta koma kwalekwale a gulbin Rima,
ruwan na lilo, yana tsiyaya ta gefe.
Muka sake cikawa. Muka sake.
Aka kira magariba muna kan sha tara,
ya ɗaga gindinta yatsa biyu,
muka je Kwannawa muka dawo,
kwano bai zubar da ko ɗigo ba.
Lukmanu ya ce ta yi tsayi kamar motar ƙauye.
Na ce, to, ƙauye za ta, ba kunya.

Alhamis ta zo.
Kafin Achida na leƙa madubi:
hannun Inna a kan cinya, a buɗe,
carbi ya zame, kai ya jingina.
Na kashe rediyo.
Sai a ƙofar asibiti ta farka, ta duba waje,
ta ce, "Ɗan nan,
yaushe gwamnati ta gyara hanya?"